Harawar da Na Ɗora a Kan Kwano

Sai da na shekara talatin da tara na iya rubuta sunana, a ajin yaƙi da jahilci na mata, bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta ya ce rubutun ya karkace. Ya karkace ɗin. Mai son miƙaƙƙe ya je ya yi wata bakwai a Dubai, ya dawo ya rubuta nasa.

Sunana Tabawa, daga wani ƙauye a hanyar Kazaure. Manomiya ce ni, 'yar manoma. Mijina ya rasu, 'yan'uwansa suka raba gona, suka bar mini ɗaki da awaki. Wani mutum a Kano ya ce akwai aikin shara a asibiti a Dubai. Na sayar da awakin na bi shi. Kukan da aka yi a ƙofar gida ba shi na zauna rubutawa ba.

Karama

A unguwar Karama aka sauke ni. Ɗaki ɗaya, gadaje shida masu hawa biyu, mu goma sha biyu. Can ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya. Mai riƙe da gidan Hajiya Zalika ce, 'yar Maraɗi, 'yar kasuwa mai aika abaya da turare da takalma gida ta jirgin kaya. Mutumin da ya kawo ni ya ce gobe zai zo ya kai ni asibitin. Kwana uku wayarsa tana ringi, rana ta huɗu ta daina.

Hajiya Zalika ta ce, "Ke baiwar Allah, kawo takardar taki in gani."

Na ce, "Na iya karatu."

"To karanta muna."

Na karanta a hankali, ina bin layi da yatsa. Biza ce ta ziyara, kwana sittin. Babu asibiti a ciki, babu aiki.

Ta ce, "Ziyara kinka zo ke nan. Wa kike ziyarta, ni?"

Matan suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Hajiya ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani. A ƙasar nan mutum ba mutum ba ne sai da ikama, wato takardar zama. Ikama ba ta samuwa sai wani mai gida ya tsaya maka ya ce ma'aikacinsa ne kai. Idan kwana sittin ɗin suka cika ba ka samu ba, ka zama ɓera: ba ka fita, ba ka zuwa asibiti, ka ga motar 'yan sanda ka juya. Ranar da aka kama ka, a rufe ka, a sa ka a jirgi, a hana ka dawowa.

Kwana arba'in na yi a Karama ina ninke mata abaya, tana ba ni abinci. Bakinta babu daɗi amma ba ta taɓa cin abinci ta bar ni ina kallo ba. Abin da ya fi damuna ba zafin garin ba ne, ko da yake zafi ne mai kama wuya. Kwana arba'in ƙafata ba ta taka ƙasa ba. Tayil, kwalta, ƙarfen lifta, tayil. Ni da tun ina rarrafe nake cikin kunyoyin gona.

Kusais

Hajiya ta samo mini aikin gida a unguwar Kusais, a wani bene hawa na biyar. Matar gidan ta ware mini kofi, ta ɗaura masa jan zare. Duk ɗakin da na share na fito, sai ta bi bayana tana fesa turare. Na haƙura kwana goma sha takwas. Rana ta goma sha tara na karɓe kwalbar daga hannunta na fesa mata a gaban riga, na ce da Hausa, "Ke ma kina da hammata." Ba ta ji Hausa ba amma ta gane. Kafin magariba ina bakin titi da ledata.

Washegari bizata ta mutu.

Mako biyu na yi a ɓoye a siton da Hajiya take ɗaure kaya, can cikin Kusais ɗin, tsakanin kwalaye. A nan wani mutum ya shigo aika saƙo Damagaram. Siriri, mai tabarau, bai fi talatin da biyar ba. Mamman Sani sunansa, ya yi karatun aikin gona a Yamai, yana kula da gonar wata tsohuwa a bayan gari. Na ji yana tambayar Hajiya ko ta san macen da ta iya tatsa, don tsohuwar ba ta yarda namiji ya taɓa hantsar awakinta.

Na fito daga bayan kwalaye na miƙa masa hannuwana biyu, ciki da baya.

Ya dube su ya ce, "Bon. Tanti, waɗannan sun fi takardar diploma." Tanti, wato inna, da Faransancinsu na Nijar.

Gona

Tafiyar awa guda ce a mota, har dogayen benaye suka ƙare, aka shiga rairayi. Mai gonar tsohuwa ce ƙarama, ana kiranta Ummu Rashid, tana sa wani abin rufe hanci mai ƙyalli kamar tagulla. Awaki arba'in da uku gare ta, manya, masu dogayen kunnuwa, kowace da sunanta. Ta nuna mini wata mai harbi da ƙafa ta ce in tatsa. Na durƙusa, na matse ƙafar da gwiwata, na cika kwanon. Ta ce, "Zain." Wato ya yi.

Ɗanta Rashid shi ne mai takardu. Ya zo da farar jallabiya, ko motar bai kashe ba. Ya karɓi fasfona, ya yi magana, Mamman Sani ya fassara: talatin da ɗaya daga cikin awakin suna da ciki. Idan na riƙe su da kyau, zai yi mini ikama. Idan ba haka ba, halas, wato an gama.

Daga ranar na san inda takardata take. Tana cikin cikin awaki.

Bayan garken akwai fili mai faɗi, rairayi fari fat, ka zuba masa ruwa ya shanye kamar ba a yi ba. Rashid yana so ya shuka kayan miya a wurin, an gwada sau biyu ya ƙi. Mamman Sani ya lallaɓe shi ya ba shi sanyin shekara guda ya gyara ƙasar. Da sanyi suke shuka a can, da baƙaƙen tiyo masu ɗiga ruwa a gindin kowane tsiro. Abin da ya kawo wani wake ne zagayayye, Larabawa suna ce masa bazilla, ɗan'uwan koren fis ɗin da ake zubawa a shinkafar biki, amma wannan na gona ne da dabbobi. Ya haɗa shi da sha'ir don ya samu abin hawa.

Ranar shuka na tarar da Mamman Sani ya zuba irin a baho, ya yayyafa ruwan sukari, yana barbaɗa wani baƙin gari yana cuɗawa.

Na ce, "Injiniya, a nan har iri sai an ba shi shayi kafin ya fita aiki?"

Ya ce, "Ƙwayoyin rai ne, Tanti. A ƙasarmu suna nan tun kaka da kakanni. Wannan rairayin bai taɓa ganin wake ba, sai an kawo masa."

"Su ma da biza suka shigo?"

"Ta ziyara," in ji shi. Muka yi dariya. Ita ce dariyata ta farko a ƙasar.

Irin ya tsiro. Ban yi kuka a Karama ba, ban yi a Kusais ba, amma safiyar da na fito na ga filin nan ya yi kore layi-layi, sai da na tsuguna na cire takalmi na nutsa ƙafafuna a jiƙaƙƙen rairayi, na daɗe a haka. Bayan wata guda ya rufe ƙasa ruf, iska ta daina kwasar yashi tana zuba mana a madara. Wata rana Injiniya ya tumɓuke guda ya nuna mini ƙurajen da ke jikin saiwa.

"Tsaga ɗaya da farce."

Na tsaga. Cikinsa ja-ja ne kamar nama.

"Wannan shi ne takin. Daga iska yake ɗebo shi ya ajiye a ƙasa."

Na ce, "Na san ƙurajen nan tun kafin a yaye ka. Don me kake tsammani muke sa wake a tsakanin gero?"

"Wala, ga shi nan. Kun sani, ba ku san kun sani ba."

"Ka kiyayi bakinka, ɗan Faransa."

Haka muke. Yana yankar gefe ɗaya kullum, kaɗan, a bar shi ya yi yaushi, in ba awaki. Madara ta ƙaru, gashinsu ya kwanta. Ummu Rashid ta fara aiko mini da dabino.

Da waken ya kai wata biyu ya yi fure, fari da shuɗi-shuɗi, ya kai mini gwiwa. Nan ne Injiniya ya ce mini ranar Asabar tarakta za ta zo.

Na ce, "Ta yi me?"

"Ta kife shi cikin ƙasa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Da ganyensa? Da furensa?"

"Yanzu ne ya fi ƙarfi. Idan ya ruɓe a ciki, rairayin zai fara riƙe ruwa. Ƙasar ce za ta ci, Tanti. Ita ma yunwa take ji."

Wanda ba manomi ba ba zai gane abin da na ji ba. A garinmu ganyen wake dukiya ne. Bayan an tsince wake a yanke harawa, a naɗe ta dami-dami, a ɗora a kan soro ko a reshen bishiya inda dabba ba ta kaiwa. Da ita ake ketare rani. Na ga 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa a kan dami biyu. Na ga shekarar da muka yaye rufin ɗaki muka ba dabbobi. Ga shi nan wani mai tabarau zai binne gona guda da ranta, alhali ciyawar da awakin nan suke ci a jirgin ruwa ake kawo ta.

Na ce masa almubazzaranci ne. Ya ce ilimi ne. Na ce ilimin da yake binne abinci, na gode Allah da ban same shi da wuri ba.

Na tsallake shi na tafi wurin tsohuwa. Larabcina bai wuce kalma talatin ba, sauran na cika da hannu. Na nuna gona, na nuna tarakta tana kifewa, na nuna bakin akuya, na nuna lauje. Ita ma ta taso cikin yunwa, kafin ƙasarsu ta yi arziki. Ta gane kafin in gama. Ta ce, "Haram." Ta sa aka kira Injiniya, ta raba filin biyu da sandarta: rabi nasa, rabi nawa.

Bai yi mini faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge ya ce, "Dakor, na ji. Idan sai kin yi, ki shanya shi a ƙarƙashin rumfa, a baje, ki riƙa juyawa kwana takwas ko goma. Kada ki naɗe. Nan ba gida ba ne, iskar nan ruwa ce."

Na ce, "Ni za ka koya wa harawa? Shekara talatin ina naɗe ta kana can kana koyon bonjur."

Ya mayar da tabaransa ya tafi.

Na yi yadda uwata ta koya mini. Na yanka da sassafe don kada ganye ya kakkaɓe, na bar shi kwana biyu a rana, na naɗe shi tam, na ɗaure. Dami sittin da biyu. Na kafa tsani na jera su a kan kwanon garke, ni kaɗai, Bafakistanen da ke tuƙa tarakta yana kallona baki buɗe. Ummu Rashid ta sa aka fito mata da kujera ta zauna tana gyaɗa kai. Ta ba ni sabon gyale. A makon nan ta matsa wa ɗanta, aka kai ni aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton ƙirjina. Matakin farko na ikama ke nan. Saura dangwalen yatsu.

Abin da ban lissafa ba shi ne safiyar ƙasar. A gida, da zarar damina ta ɗauke, iska takan bushe ƙayau, ko ɗanyen nama ka rataye sai ya bushe. A can kuwa da sanyi wani farin hazo yake tasowa daga teku kowace asuba, mai jiƙa, har kwano yana ɗiga kamar an yi yayyafi. Ina ganinsa, ina cewa rana za ta busar kafin hantsi. Tana busarwa kuwa, amma bayan damin kawai. Kuma karan bazilla ba kamar na wakenmu ba ne. Rami ne a cikinsa, cike da ruwa.

Bayan mako uku na sauko da dami na farko. Waje ya bushe har yana ƙaras-ƙaras. Na tura hannu ciki, na ji ɗumi kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci. Na buɗe. Fumfuna ce fara kamar auduga, can tsakiya baƙi, da wani wari mai tsami.

Na sani. Kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban sani ba. Na ce wa kaina awakin gida suna cin wadda ta fi wannan, har leda suna ci su kwana lafiya. Gaskiya ne. Amma ba shi ne dalilin ba. Dalilin shi ne idan na zubar, sai na ratsa ta gaban Injiniya da ita a kaina, sai tsohuwar da ta ba ni gyale ta ji, kuma dangwale saura kwana goma sha biyu. Na karkaɗe, na cire baƙin, na shanya sauran wuni guda, na zuba musu. Suka ci. Kwana biyar ina ba su.

Wadda ta fara ita ce Warda, mai harbin nan da na fara tatsa. Ta ƙi abinci, ta karkatar da kai gefe, ta riƙa zagaye wuri ɗaya tana dalalar da miyau. Da rana ta yi ɓari, 'ya'ya biyu, sun gama halitta har da kofato. Kafin la'asar wata ta bi. Ina kwashe su a buhu ina kaiwa bayan garke, ina dawowa in tarar da wasu a kan yashi. Kwana huɗu, goma sha ɗaya suka zubar da ciki, bakwai suka mutu. Ummu Rashid ta zauna a ƙasa cikin kashin awaki, kan Warda a cinyarta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta daina motsi.

Likitan dabbobi ya zo ya ce a nuna masa abin da suke ci. Ni aka aika. Na hau tsani, na zaɓi wani ƙaramin dami na can bakin kwano wanda iska ta ratsa, na yago daga bayansa na kawo. Ya shinshina, ya ɗaga kafaɗa, ya yi musu allura, ya ce duk wani sabon abinci a daina.

Rashid ya ce, "Bazilla."

Ya juya kan Injiniya. Ban ji duka ba, amma na ji "guba", na ji "halas" sau uku. Shi ya kawo baƙon tsiro, shi ya ce a ba dabbobi. Injiniya yana tsaye hannu a baya. Sau ɗaya ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Aka ce a kwashe abin da ke kan kwano a zubar. Na ce ni zan yi. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci na haƙa rami a bayan garke na binne su duka, ba wanda ya buɗe ko ɗaya. Ni da na zage shi a kan binne abinci.

An soke takardar Injiniya, aka ba shi wata guda ya bar ƙasar. Yana da mata da 'ya'ya uku a Damagaram, da uwa mai ciwon ido. Ranar da zai bar gonar ya tsaya a ƙofar garke da jakarsa.

"Tanti, Talata za a kai ki dangwale, ko?"

"Talata."

"To. Allah ya sa a yi a sa'a."

Ya saɓa jakarsa ya tafi.

Da tsohuwar ta tsane ni, da na iya jurewa. Amma sai ta jawo ni jiki. Ta ce ni ce na kwashe gawarwakin da hannuna. Ta fara kirana cikin gida mu ci a faranti ɗaya, tana yago nama tana turo mini gabana, tana cewa "binti", wato 'yata. Tana ci tana tsine wa Injiniya, tana jira in ce amin. Asabar na ce amin. Lahadi na motsa baki kawai.

Litinin da hantsi, ana gobe dangwale, na ɗauki shebur na tono dami ɗaya. Na ɗora a ka na ratsa tsakar gida, na sauke a gabanta a baranda, na kwance igiyar. Na nuna cikinsa, na nuna ƙirjina. Na ce da guntun Larabcina, "Muhandis zain. Ana mu zain." Injiniya mai kyau ne, ni ce ba kyau.

Ta tura hannu cikin baƙin nan, ta fito da shi ta duba. Ta daɗe tana kallon yatsunta. Ba ta zage ni ba. Ta goge hannun a jikin zanenta, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ban sake ganin fuskarta ba.

Rashid ya zo da azahar. Ya yi magana a cikin wayarsa, wayar ta juya mini da Hausa mai kama da ta rediyon da batir ya ƙare. An rufe fayil ɗina. Ba zai kai ni wurin 'yan sanda ba, albarkacin uwarsa. Ita za ta sayi tikiti. In je in miƙa kaina, in fita cikin kwana bakwai, kuma ba zan sake shigowa ba.

Na ce na ji. Na ce to a dawo da Injiniya.

Wayar ta ce: shi ne mai kula da gona. Idan bai sani ba, bai iya aikinsa ba. Idan ya sani ya yi shiru, maƙaryaci ne. An riga an ɗauki wani.

Ya ajiye fasfona a kan murfin mota, bai miƙa mini a hannu ba. Washegari da muka fito na ga tarakta ta kife rabin da na yanke. A ɗaya rabin, inda Injiniya ya binne nasa, rairayin ya fara duhu.

Kusais kuma

Bafakistanen ya sauke ni a ƙofar siton Hajiya Zalika. Kafin ya ja mota ya zaro burodi da kwalbar ruwa ya ajiye mini a kan leda.

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin gama ziyarar?"

Na ce, "Na gama."

"Mutuminki shina ciki."

Yana can ƙarshen sito yana ɗaure kwalaye da igiya, rigar ta jiƙe sharkaf. Aikin yini yake yi wa Hajiya kafin kwanakinsa su cika. Ya ɗago ya gan ni, ya dubi ledar hannuna, ya dubi fasfo.

"Yau ba Talata ba ce?"

"Talata ce."

"Ba a kai ki ba?"

Na gaya masa duka a tsaye: ɗumin da na ji a cikin dami, wanda na zaɓa wa likita, ramin Juma'a, barandar tsohuwa. Na ce na wanke sunansa, ko da ba su mayar da shi ba. Ina tsammanin zai ce wani abu. Ban san me ba. Wani abu dai.

Ya zauna a kan kwali. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Tanti, wa ya aike ki?"

"Ban gane ba."

"Tun suna kan kwano nake ganin tururi yana tashi daga cikinsu da safe. Na so in sake yi miki magana, na ce za ki sauko da su ki gani da idonki ki zubar. Wannan laifina ne. Da awaki suka fara faɗuwa na yi tunani. Ni korarre ne ko ta wace hanya, ni ne mai kula. Ke kuwa saura yatsa. Na ce bari ɗayanmu ya tsira."

Na ce, "Ban roƙe ka ba."

"Ba ki roƙe ni ba."

"Ba zan ci abinci a kan sunan wani ba. Ba haka aka haife ni ba."

"Na sani. Yanzu kin samu sauƙi a ranki." Ya mayar da tabaran. "Ni me na samu?"

Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa faɗa mini magana na rasa amsa ba. Na yi wa dagaci, na yi wa 'yan'uwan mijina a gaban alƙali, na yi wa malamar ajinmu. A siton nan na buɗe baki, babu komai a ciki.

Ya tashi ya kama gefen wani babban kwali yana ja, ya fi ƙarfinsa. Na ajiye ledata na kama ɗaya gefen.

Ya ce, "Ajiye, Tanti. Ba ki da takarda. Idan aka shigo aka gan ki kina aiki, Hajiya za a rufe wa sito."

Na ajiye.